Lokos: Gidan da Aka Gina Mana Babu Zaure

Washegarin sadakar arba'in ɗin Baba, Yaya ya tara mu a zaure ya ce akwai maganar da ba ta jira. Wani ɗan kasuwa ya aiko da tayi a kan gidanmu na Lokos, nan Dutsin-Ma. Zai saya ya rushe, ya jera ɗakunan haya na ɗaliban jami'a. Mu tara Baba ya bari, ga kuma Inna, kuma kuɗin da aka ambata sun isa kowa ya samu abin riƙewa. Ƙannena biyu ba su da aikin yi, ɗaya kuma tana shirin aure. Babu wanda ya isa ya ce tayin wasa ne.

Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida tana jin mu. Da aka yi shiru sai ta ce, "Ku tambaye shi wane gidan zai saya. Wanda gwamnati ta gina, ko wanda muka gina?"

Aka yi dariya, aka tashi ba a yanke komai ba. Ni kuwa maganar ta hana ni barci.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Idan aka damƙa mana tsohon aikin da hannaye da yawa suka taɓa, ba ma fara gyara sai mun nemo abin da aka fara rubutawa, mu ga wa ya ƙara me, kuma don me ya ƙara. Da daren nan na buɗe hoton unguwarmu na tauraron ɗan'adam a waya, na yi ta jawo shi kusa. Wanda yake tafiya a ƙasa ba zai bambanta Lokos da sauran unguwannin gari ba: ga katanga, ga zaure, ga shago, ga masallacin ƙofar gida. Daga sama kuwa sai asiri ya tonu. Layukan suna nan a miƙe kamar an ja su da rula, kuma a tsakiyar kusan kowane gida akwai wani tsohon rufi, girmansu ɗaya, inda suka fuskanta ɗaya, sababbin kwanuka sun kewaye shi ta ko'ina. Wannan tsohon rufin shi ne abin da gwamnati ta gina. Duk abin da ya kewaye shi aikin mazauna ne, na shekara arba'in.

Gida da masara

Gwamnati a ƙasar nan ba ta saba gina wa talaka gida ba. Turawa sun gina wa kansu nasu a bayan gari, inda babu hayaniya. En'e ta gina 'yan kwatas na ma'aikatanta, malaman asibiti da na makaranta da 'yan doka. Talaka kuwa shi ke yin nasa: a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a nemo azara, a kira magini, maƙwabta su kama.

Kuɗin man fetur ne suka sauya tunani. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar gidaje ta tarayya, wadda ta gina unguwar Festac a Legas don bikin al'adu na 1977. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi alkawarin gidaje sama da 200,000, amma abin da aka gina bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma a manyan birane aka fi yin sa. Garuruwa irin Dutsin-Ma, wadda ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, labari kawai suke ji a rediyo.

Sai ga zaɓen 1979. Jam'iyyu biyar suka shiga, kuma tun da yawancin masu jefa ƙuri'a alama suke dubawa, kowace ta zaɓi hoton da zai yi mata magana. NPN ta ɗauki gida da masara, wato wurin kwana da abin kaiwa bakin salati. PRP ta Malam Aminu Kano ta ɗauki makulli. Babban sakataren hukumar da ta shirya zaɓen, FEDECO, ɗan yankinmu ne, Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi. Bayan taƙaddamar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda ta kai har Kotun Ƙoli, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Shagari bai bar hoton gidan nan a jikin tuta kawai ba. Ya kafa ma'aikatar gidaje da muhalli, ya ba Dokta Wahab Dosunmu, aka ƙaddamar da shirin a 1980. Lissafin mai sauƙi ne: gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, jihohi 19 da Abuja, wato 40,000 a shekara. Iri biyu aka zana. Akwai mai ɗaki ɗaya da falo na masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka tsara yadda mai shi zai iya ƙara ɗaki in ya samu hali, akwai kuma mai ɗaki uku na masu matsakaicin albashi. Abin da ya bambanta wannan shiri da na baya shi ne ba a tsaya a manyan biranen jihohi ba, an sauko har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Ta haka ya iso mana. Sunan da aka ba gidajen da Turanci yana nufin masu rahusa, bakin Bahaushe ya mayar da shi Lokos, kuma har gobe in ka shiga Katsina ka ce a kai ka Shagari Lokos, babu ɗan acaɓan da zai tambaye ka ina ne.

Amma gina gida sai da fili, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna. A jihohi da dama da jam'iyyun adawa ke mulki, an yi ta jan ƙafa, ko a ba gwamnatin tarayya fili can nesa da gari inda babu ruwa babu hanya. Mu a lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, inda gwamna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ɗan PRP ne, majalisa kuma NPN ce ke da rinjaye, har rikicinsu ya kai ga tsige shi a watan Yunin 1981. Baba ya sha faɗa yana dariya cewa NPN ce ke da gida, PRP ke da makulli, shi ya sa aka daɗe ba a shiga ba.

Kan a je ko'ina farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. 'Yan kwangila da yawa, waɗanda katin jam'iyya ya ba su aikin, suka karɓi kuɗin somin-taɓi suka bar gini a linta. Shekara huɗu a kan lissafin farko ya kamata su ba da gidaje 160,000. Abin da aka kammala zuwa tsakiyar 1983 bai wuce kimanin 32,000 ba. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka karɓi mulki, shirin ya tsaya inda ya tsaya.

Abin da aka damƙa wa Baba

Baba malamin gona ne, mutumin Kurfi. A lokacin Kurfi tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, don haka aiki ya kawo shi hedikwata, yana haya a cikin gari da amaryarsa. Da ya samu mai ɗaki ɗaya a Lokos, abokansa sun yi masa murna, 'yan'uwansa na Kurfi kuwa jaje suka yi masa, wai an kai shi daji.

Inna ta ba ni labarin ranar da ta fara ganin gidan. Ta ce ta sauka daga bayan a-kori-kura da kwallayenta, ta tsaya tana neman ta inda ake shiga. Ga gini na bulo, fes, da tagogin gilashi, amma tsaye yake tsirara a fili kamar ɗakin shan magani. Babu katanga, babu zaure, babu tsakar gida. Ƙofar da ke kallon titi kai tsaye take buɗewa cikin falo. Ɗan kicin ɗin da aka yi, na mai dafuwa a tsaye da risho ne, ba na mai murhu da itace da turmi ba. Banɗaki kuma yana manne da ɗakin kwana, irin wanda ake kora wa ruwa, a unguwar da famfonta bai taɓa ɗigo ba.

Mai karatu da ya tashi a gidan Hausa ya san abin da wannan ke nufi. Gidanmu na gargajiya tsari ne na wa zai tsaya a ina. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Nan maigida ke karɓar gaisuwa, nan ake karatun allo, nan ake ɗaura aure, nan ake zaman makoki. Ɗan'uwa na jiki ya wuce shigifa. Cikin gida na mata ne, kuma tsakar gida ita ce ainihin ɗakinsu: nan ake daka, a yi surfe, a yi shanya, a yi kitso, a kwana in zafi ya yi zafi. Makewayi kuwa can ƙurya ake kai shi, nesa da wurin kwana da wurin abinci. Zane ɗaya aka yi wa ƙasar baki ɗaya, tun daga bakin teku har iyakar Nijar, kuma wanda ya zana bai taɓa tambayar inda matar gida za ta ajiye turminta ba.

A satin farko, in ji Inna, ba ta iya fitowa ta yi alwala sai ta leƙa ta taga ta ga ko da namiji a waje. Da abokan Baba suka zo yi masa barka, sai da ta shige uwar ɗaki ta rufe, har suka tafi ba ta ɗora tukunya ba.

Yadda muka sake gina shi

Abin da Baba ya fara saya da albashin wannan watan zana ce. Ya kewaye bayan gidan da ita, aka kafa murhu a gindin bango, aka haƙa masai a kusurwa. Banɗakin gwamnati ya koma ma'ajiyar gero da dawa, kuma a haka na taso na same shi. Kicin ɗin ya zama ɗakin kwanuka.

Da damina ta cinye zanar sai aka yi katangar laka. An so a yi ta bulo, amma tsarin gyaran tattalin arzikin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, siminti ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Magina daga cikin gari suka zo da gwaninta irin ta kaka da kakanni suka naɗe ginin zamani da tubali. Bayan katanga sai zaure. Baba ya ce ranar da aka rufa zauren nan ya shimfiɗa buzunsa a ciki, ranar ce ya fara jin shi maigida ne. Ƙofar falo da aka zana don baƙi ta koma ƙofar ɗakin Inna, tana kallon tsakar gidan da babu shi a zane.

Daga nan kowace haihuwa da nata gini. Da muka kai huɗu aka yi ɗakin yara. Da Yaya ya balaga aka fitar masa da shago a jikin zaure mai ƙofa ta waje. Da Gwaggo ta rasa mijinta ta dawo daga Kurfi, aka yi mata ɗaki kusa da dalbejiyar da Baba ya shuka tun shekarar zana. Da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa suka tafi wajen mayar da katanga ta bulo da buɗe ɗan kanti a bakin titi. In ka zagaya gidanmu kana duba bango, za ka iya faɗin shekarar da aka ƙara albashi da shekarar da aka yi wata da watanni ba a biya ba, don bulon kowane zamani da kaurinsa.

Haka kowane gida ya yi, kowa gwargwadon aljihunsa. Wani ya yi rumbu, wani ya yi turken tumaki, wani ya haɗa gida biyu da ya ƙara aure. Filin da aka bari tsakanin layuka ya zama masallaci da makarantar Islamiyya. Ba a taɓa zaman taro aka ce ga yadda za a yi ba, amma bayan shekara ashirin kusan kowane gida ya koma zaure, tsakar gida, ɗakuna a kewaye, makewayi a ƙurya.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ita ce, masu shirin sun yi daidai a abu guda: sun bar fili. Tunanin a ba mutum ɗan ƙaramin gini mai ƙwari a kan fili mai yalwa, ya riƙa ƙarawa da kansa, shi ne ya ceci Lokos. Da a ce bene aka jera mana, ɗaki a kan ɗaki, da babu inda zaure zai zauna.

Unguwar baƙi

A cikin tsohon gari, inda 'Yandakan Katsina ke hakimci, ana sanin gida da sunan mai shi da na kakansa. A Lokos lamba aka rubuta a jikin kowace ƙofa. Lambar ba ta daɗe ba. Yara suka fara cewa gidan malamin gona, gidan nas, gidan mai injin markaɗe, gidan Kofur, fenti kuma ya bi ta kan lambobin ya shafe. A bara da nake gwada wata manhajar kai saƙo gida-gida, sai da na kira Yaya na tambaye shi lambar gidan da aka haife ni, shi ma sai da ya buɗe adakar Baba ya duba takarda.

Duk mazaunan farko baƙi ne, aikin gwamnati ya haɗa su. Akwai mutanen Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa, akwai Bayaraben da ke aikin asibiti, akwai malaman makaranta daga kudancin Kaduna. Tun da babu mai dangi a kusa, sai maƙwabta suka zama dangi. Matar da ta yi wa Inna zaman jego a haihuwar Yaya Kirista ce, kuma Inna ta ce ba ta taɓa shan kunun kanwa irin nata ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, aka raba ma'aikata kowa ya koma jiharsa, sai da motoci suka yi ta kwashe kayan irin waɗannan maƙwabta zuwa Kaduna, mata na tsaye a ƙofar gida suna kuka. Gidajensu suka koma hannun Katsinawan da su ma aka dawo da su daga can.

Ni abin da na fi tunawa shi ne ruwa. Kowane gida da kan famfo a bango, amma da safe mu ne a layin rijiya da bokitai, ko mu tsaya jiran mai kura da jarkokinsa. Abin da ke ba manya haushi shi ne, a cikin ƙaramar hukumar nan tamu dam ɗin Zobe yake, a kan kogin Karaduwa, an kammala shi a 1983, zamanin Shagarin da ya gina mana gida. Ruwa na kwance ana kamun kifi, gari na sayen jarka. Sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwan da tura shi, kuma wanda ya ƙaddamar shi ne Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya karɓi mulki daga hannun Shagari shekara 38 kafin nan.

Na kuma tuna daren da ake kawo wuta. Ihun yara ke fara sanar da unguwa, kowa ya ruga gidan da ke da talabijin, a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mu zube a tabarma muna kallon Samanja. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa, sai mu koma dandali wasan ɓuya a cikin kangwayen da 'yan kwangila suka bari ba rufi. A waɗannan kangwaye muka fara koyon tarihin siyasa ba mu sani ba, don ko yaro ya san ana ce musu gidajen da aka ci kuɗinsu.

Sallah kuwa ba a yin ta a Lokos. Ana gobe Sallah unguwa ke watsewa, kowa ya kama hanyar garinsu. Mu mukan cika mota mu bi titin Katsina mu sauka Kurfi, mu yi kwana uku gidan kakanni. A sake maigadi ɗaya da karnuka. A wancan lokacin in ka tambayi ɗan Lokos ina ne gida, ba zai taɓa ce maka Lokos ba.

Jami'a ta zo, tsoro ya biyo

Shekarun da suka biyo baya sun zo da nasu alkawuran. A 1991 aka fito da manufar gida ga kowa kafin shekarar 2000, a 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Gwamnatocin jiha suka gina nasu rukunin a Katsina, irin su Goruba da Barhim. Lokos ɗinmu dai babu wanda ya sake waiwayar ta, gari ne ya tako a hankali har ya haɗiye ta. Wurin da aka yi wa Baba jaje ya zama tsakiyar gari.

Abin da ya juya lissafi shi ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011. Garin ya saba da ɗalibai tun da akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma wannan karon dubbai ne suka zo daga kowane sashe na ƙasa, ɗakunan kwanan makaranta kuma ba su isa ba. Ɗakin da ake ba almajiri kyauta ya zama abin haya na shekara. Tsofaffin da fansho bai riƙe su ba suka samu abin dogaro. Shagon Yaya ma ɗalibai biyu ne a ciki yanzu. Turakun tumaki suka koma ɗakuna, aka sare itatuwa, wasu zaurukan aka toshe su aka sa musu ƙofar ƙarfe da lamba. Lambar da muka goge ta dawo ta wata hanyar.

Sai kuma matsalar 'yan bindigar daji, wadda ta taso daga yankin dajin Rugu ta mamaye ƙauyukan yamma da mu. 'Yan'uwan da a da mu ke zuwa musu Sallah, su ne suka fara zuwa mana da ƙullin kaya a ka. Akwai damina guda da mutum goma sha ɗaya suka kwana a zaurenmu da ɗakin Gwaggo. Katangu suka ƙara tsawo, aka sa waya a kansu, matasa suka fara sintirin dare da tocila da gora. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Ina gida a lokacin, tun zaman korona nake aiki daga tsohon falon gwamnati. Wata uku na yi ina shiga mota zuwa Katsina don kawai in tura aikin da na rubuta, in karɓi saƙonnin maƙwabta a takarda in kira musu 'ya'yansu da ke nesa. A watan Oktoban 2023 aka shiga wani gidan haya a garin aka sace ɗalibai mata biyar. Tun daga nan duk wanda zai kama ɗaki, kafin ya tambayi ruwa da wuta, tsawon katanga yake fara dubawa.

Adakar Baba

Kwana biyu bayan taron zaure, muka buɗe adakar ƙarfen Baba ni da Yaya. A ƙarƙashin rigunansa muka samu wata jakar leda. A ciki akwai takardar ba shi gidan, an buga ta da tafireta, ta yi ja don tsufa, da rasiɗan biya ɗaure da zare, da wani littafin makaranta mai layi inda ya riƙa rubuta duk abin da ya kashe: zana, azara, ladan magini, kwano bandir biyu, bulo ɗari uku. Shafi na ƙarshe kuɗin gyaran indararo ne, wata huɗu kafin rasuwarsa.

Mun yi sa'a. Gidaje da yawa a layinmu an sayar da su sau uku sau huɗu, daga hannu zuwa hannu, da 'yar takardar shaida ta mai unguwa kawai, takardar asali ta bi wani ma'aikaci da ya koma garinsu tun 1987. Yau da filin ya yi daraja, irin waɗannan gidaje ne ake ta kai ruwa rana a kansu a gaban alƙali in an zo rabon gado.

Na ɗauki littafin na kai wa maƙwabcinmu, tsohon hedimasta, wanda shi kaɗai ya rage a layinmu cikin waɗanda suka karɓi makulli da hannunsu. Ya daɗe yana shafa shafukan. Na ce, "Baba Malam, ku da kuka ga farkon abin, me kuke gani? Mu sayar?"

Ya ce, "Ɗana, ba zan hana ku haƙƙinku ba, gado na masu rai ne. Amma ka lura da Sallar bana? Motoci nawa ka ƙirga a layin nan?"

Gaskiyarsa. Yanzu ana gobe Sallah unguwar ke cika. Daga Kano, daga Abuja, daga Kaduna, 'ya'yan da aka haifa a ɗakunan nan ke dawowa da nasu 'ya'yan. Baba ma a nan aka yi masa sutura, mutanen Kurfi ne suka zo gaisuwa suka zauna a zauren da ya gina.

Har yau ana gina rukunin gidajen gwamnati a jihohinmu, kuma in ka wuce ta gabansu shekara biyu bayan rabawa, za ka tarar da tulin yashi da bulo a kowace ƙofa, ana tayar da katanga ana fitar da zaure. Kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi ke kashewa wajen gyara abin da aka ba shi, da an tambaye shi tun a takarda, da sun tafi wajen karatun 'ya'yansa. A wurin aikina, in muka rubuta manhaja muka ga duk masu amfani da ita suna bi ta wata hanyar da ba mu tsara ba, mukan gane mu ne muka yi kuskure, mu koma mu gyara. Lokos ta shekara arba'in tana nuna wa masu zane abin da ya kamata su zana.

Mun sake zama a zaure ranar Juma'a bayan La'asar. An yi musu, har ƙanena ya tashi ya fita ya dawo. A ƙarshe aka kira malami ya ƙiyasta rabon kowa, aka amince ba za a sayar ba muddin Inna na raye. Ni da Yaya za mu biya ƙannenmu uku da ke da buƙata rabonsu a hankali, a kuma fitar da ɗaki biyu na haya ta bayan gida, ba tare da an taɓa dalbejiya ba. Abin da zai faru bayan nan, Allah ne masani, kuma ɗan kasuwan ya ce tayinsa na nan.

Kafin in koma bakin aiki na ɗauki hoton kowane shafi na littafin Baba da kowane rasiɗi na adana. Na kuma zauna da Inna da Baba Malam na naɗi muryarsu a waya, gida-gida suna faɗa mini wa ya fara shiga, wa ya gaje shi, yaushe aka yi katanga. Mun gama layinmu, saura layi na biyu, sai in na dawo da Babbar Sallah.